Labarin Mutanen Rumbu Ya Isa Goronyo

Litinin, 5 ga Maris 1951, bayan la'asar, Wurno

An rufe makaranta. Ɗan doka ya zo da takarda daga Sakkwato tun ban gama kiran suna ba: a sallami ɗiya, kada a sake taruwa sai an ji. Na kulle alli cikin akwati, na ɗauko wanga littafin rubutu da ya yi saura, tun da ba mai rubutu cikinsa yanzu sai ni.

Malam, maigidana, shi ne malamin asibitin garin nan, ya kira abin da sunansa: sanƙarau. Na rubuta sau ɗaya, ba ni ƙarawa.

Zafi ya sauka. Daga ƙofar gida in na dubi fadama sai in ga iska tana rawa bisa albasa kamar ruwa, mutane suna tafiya ciki ba ƙafafu.

Alhamis, 8 ga Maris, hantsi

Tun da ba aji, na ɗauko littafin Mai Tabarau daga ƙasan adaka. Haka muke kiran Baturiyar da ta koya muna Ingilishi a makarantar mata ta Sakkwato, ita ta ba ni shi ranar da na gama. Bangonsa ya tafi tun kafin ya zo hannuna. Ta faɗa mini sunansa, bai zauna bakina ba. Ta ce a ƙasarsu ba wanda bai san shi ba: tsoffi sun karanta shi suna yara, an mai da shi majigi, har akwai waɗanda sunka zama likitoci da maƙeran inji saboda shi. Shekara biyu na yi ina bin sa da ƙamus, kamar mai kalar shinkafa bayan an gama yanka.

Labarin wani zamani ne da bai zo ba tukuna. Rana ta matso kusa da duniya, gulabe sun ƙafe. Sai masu ilmin wani gari sunka gina ɗaki na ƙarfe ƙarƙashin ƙasa, mai gadaje dubu. Kowa anka ba shi farar ƙwaya guda ya haɗiye, ya kwanta barcin shekara ɗari har ƙasa ta huce. Mace ɗaya anka bari a farke, tana tsaron agogo, tana bi gado-gado tana goge musu fuska.

Bara da kaka 'yar tagwaitata Husainatu ta zo daga Goronyo ta yi muna kwana ashirin, na riƙa ba ta labarin muna kaɗin auduga. Ni ke da karatu, ita ke da baki. Ɗakin ƙarfen ta ce rumbu ne. Matar ta raɗa mata Uwa Mai Agogo. Da ta mayar mini da labarin a bakinta, sai da na ajiye mazari na saurara kamar ban taɓa jin sa ba.

Asabar, 10 ga Maris, bayan azahar

Mairo dillaliya ta shigo da zannuwa daga Rabah, tun da an hana cin kasuwa gida-gida take bi. Ta shimfiɗa wani shuɗi mai ɗigon fari, ta ce, «Malama, wanga shi aka yayi yanzu. Ƙwayar Uwa aka ce mai.»

Na ce wace Uwa?

Ta riƙe baki. «Ke da boko ba ki san mutanen rumbu ba?» Sai ta zauna ta ba ni labarina. A Rabah rumbun na ƙarƙashin gulbi, Uwa kuwa tana da ido uku. Ta ce can in miji ya cika barci sai a ce ya shiga rumbu. Har waƙar daka an yi:

Uwa Mai Agogo, tashe ni,
Gero ya nuna, ban gani ba.

Na sayi zanen. Ban ce mata komi ba. Na wuni ina jin daɗi kamar wadda ta yar da ƙwallon mangwaro bayan ɗaki ta fito ta iske itace.

Talata, 13 ga Maris, kafin magariba

Malam ya dawo da gwangwanin magani yadda ya fita da shi. Ya ajiye bisa tabarma, ya buɗe ya nuna mini. Ƙwayoyi ne farare, masu faɗi kamar maɓallin riga.

Ya ce, «Wanga magani in an ba mutum da wuri, goma sai bakwai ko takwas su tashi. Na kai ƙofa goma sha ɗaya yau. Ko'ina sai a ce ba maras lafiya, alhali ina jin nishi daga zaure. Wata tsohuwa ta ce mini Nasara na son kwantar da mu shekara ɗari su ɗauke fadama. Hassana, wa yak kawo wanga zance garin ga?»

Na ce bari in ɗebo mashi ruwa.

Laraba, 14 ga Maris, hantsi

Ban gaya mashi ba.

Juma'a, 16 ga Maris, bayan an sauko masallaci

Na gaya mashi. Na ɗauko littafin na ɗora bisa gwiwarsa, na faɗi komi tun daga kaɗin auduga har zanen Mairo.

Ya daɗe shina juya shafi, ba karatu yake ba. Can ya ce an kai mutum uku makwanci jiya daga unguwar masunta, duka an ɓoye su cikin ɗaki har ta ƙare. Sai ya ga fuskata, ya ce, «Ba ke kinka yi ciwon ba. Amma ni ba ni shiga cikin gidaje, ke kina shiga. Gobe ki ɗauki mayafi.»

Bai ci tuwo ba. Ni ma.

Lahadi, 18 ga Maris, bayan la'asar

Gida tara jiya, gida bakwai yau. Na ce musu labarin ƙage ne, wani Bature ya zauna ya ƙirƙira shi kamar yadda ake gatana. Suna saurare da ladabi, su ba ni fura, su raka ni ƙofa. Gida biyu kawai anka karɓi magani.

Da azahar na kishingiɗa, barci ya ɗauke ni. Na gan ni cikin rumbun, sanyi kamar cikin randa. Ina bi gado-gado da tsumma a hannu. Kowace fuska na goge sai in ga tawa ce, amma da ɗan tabon nan na haɓa. Ni ba ni da tabo. Husainatu ke da shi, tun ranar da ta faɗo daga magarya.

Na tashi wuyana ya riƙe. Malam ya lanƙwasa mini kai gaba da baya, ya ce lafiyata lau, kwanciya ce.

Litinin, 19 ga Maris, azahar

Bube ya zo, mijin Husainatu. Bai yarda ya zauna ba. Ya tsaya zaure shina murza hularsa, ya ce kwana biyu ke nan Husainatu na kwance da ciwon. Ya ce mahaifiyarsa Inna Kulu ta ja tabarma ta zauna bakin ƙofar ɗakin, ta ce ba mai shiga da farar ƙwaya tana raye. Ita ba ta san ya taho ba, ta ɗauka shina fadama.

Malam ba shi da halin barin Wurno. Ya ƙulle mini ƙwayoyi cikin ƙyalle, ya ce a daka a dama da ruwa, daga salla zuwa salla, a dinga ɗura mata ruwa da yawa. Ya maimaita sau uku. Yanzu za mu kama hanya, mu kwana inda dare ya same mu.

Talata, 20 ga Maris, bayan la'asar sakaliya, Goronyo



Mun iso rana ta take tsaka. Hanyar ban riƙe ta ba, sai farin yashin gulbi da kunnuwan jaki. Na iske Inna Kulu yadda Bube ya faɗa, ƙafafu miƙe, tasbaha a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Daga bayanta ina hangen Husainatu kwance ta gefe, kanta ya koma baya kamar mai kallon wani abu bisa rufin ɗaki.

Na ce, «Inna, na zo da magani.»

Ta ce, «Na sani. Ɗiyag ga da bakinta tab ba mu labarin, nan gindin tsamiya, kwana bakwai. Ita tac ce farar ƙwaya. Yanzu ke ki zo da ita ƙulle ga zane?»

Na ce, «Ni na ba ta labarin, Inna. Cikin littafi na samo shi. Ba a yi ba, ƙage ne.»

«Cikin takarda?»

«I, Inna.»

«To wa ka zama shi rubuta ƙarya cikin takarda? Mi za ta yi mai?»

Sai ta sassauta murya. Ta ce zamanin yaƙi an zo an ɗauki ɗanta Mainasara zuwa haƙar kuza, anka ce wata huɗu. Shekara tara yanzu. Ta ce, «Wanccan na ba su da hannuna. Wagga ba ni ba su ita. Tun ranar da anka kawo ta gidan ga ban ci tuwon da ba nata ba. In ta Allah ta, shi ɗauke ta gabana ina gani.»

Matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida. Na kwance ƙyallen, na ɗauki guda, na ɗaga kowa ya gani, na haɗiye ba ruwa. Wata ta yi salati. Na ce, «Inna, in na yi barci kafin la'asar ki zuba sauran cikin gulbi.»

Sai da na faɗa na tuna rabona da barcin kirki tun Juma'a. Na zauna inuwa, nan take tsakar gidan ta fara nisa, muryoyin mata sunka koma kamar daga ƙasan rijiya, idona na ta nauyi. Na ga gadajen sun jeru daga bakin turmi har katanga, da wuri guda ba kowa, an gyara shimfiɗa. Na miƙe da sauri na ce a ba ni taɓarya.

Na daka gero cikin rana. Turmi ɗaya, biyu. Tafin hannuna ya tashi, ya fashe. Wani wuri cikin turmi na uku na ji bakina na waƙar nan ta Rabah, na kama kaina na yi shiru. Ina jin Husainatu tana nishi, ni ina kirɓa, rana ta ƙi gusawa.

Da ladan ya kira la'asar Inna Kulu ta taso. Ta kama haɓata ta buɗe mini ido da yatsa, ta duba wannan ta duba wancan. Sai ta karɓi ƙyallen, ta ce, «Nawa aka sawa?» Ita ta murƙushe da bayan ludayi. Ita ta tallafi kan Husainatu. Rabi ya zube gefen baki, rabi ya wuce.

Laraba, 21 ga Maris, bayan asuba

Tana haɗiya. Ba ta san ni ba.

Alhamis, 22 ga Maris, hantsi

Jikinta kamar tukunya bisa murhu. Muna jiƙa zane muna lulluɓa mata, kafin a juya ya bushe. Tana magana da Innarmu da ta rasu, tana ce mata ta jira ta ɗaura kallabi.

Ina zaune kusa da kanta ina goge mata fuska, sai na ga abin da nake yi, na miƙa wa Inna Kulu tsumman.

Mata sun fara leƙowa ta katanga. Ba su cewa komi sai, «Malama, ko akwai saura?» Na aiki Bube wurin malamin asibitin garin nan, ya zo da gwangwaninsa ya zauna zaure, ni ina kaiwa ciki. Gida goma sha huɗu kafin azahar. Wata ta ba ni labari wai wata mace ta zo daga Wurno ta haɗiyi ƙwaya ta daka turmi bakwai ba ta ko zauna ba. Uku ne. Ban gyara mata ba.

Juma'a, 23 ga Maris, azahar

An fita da mutum biyu daga gidan da ke bayanmu. Su ba su leƙo ba.

Asabar, 24 ga Maris, bayan asuba

Ta buɗe ido! Ta dube ni ta ce, «Hassana, mi ya sami hannunki?» Inna Kulu ta faɗi ta yi sujada nan bakin ƙofa, Bube ya fita waje don kada a ga fuskarsa. Ta sha kunu ludayi huɗu. Wuyan ya fara saki.

Na yi mata magana da yawa, na ba ta labarin hanya da jaki da turmi. Tana kallon bakina tana murmushi. Gajiya ce.

Litinin, 26 ga Maris, la'asar

Gajiya ce.

Talata, 27 ga Maris, hantsi

Tana zaune jingine da bango, bayanta ga ƙofa. Akuya ta ture tasoshin da na wanke, sunka zube gaba ɗaya, har kaji sunka watse. Kowa ya zabura. Ita tana tsintar zare daga bakin zanenta.

Na tsaya bayanta na kira sunanta. Na ƙara. Na kira ta da sunan da ba mai kiranta da shi sai ni.

Can ta juyo don kanta, ta gan ni, ta ce, «Wai mi ya sa garin ga ya yi tsit? Ko daka an hana?»

A lokacin mata biyu na daka tsakar gida.

Lahadi, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Takardar Malam ta iso ta hannun direban motar En'e. Ya ce a Wurno gwangwani biyu sun ƙare, an aiko da wasu. Ya ce abin da na rubuto mashi shina faruwa ga waɗanda sunka tashi, wani lokaci jin ya dawo, sau da yawa ba ya dawowa. Ya ce kada in zauna ina ƙidayar kwanakin da anka yi kafin a ba ta, don ba wanda ya san wace rana ce ta tafi da shi.

Kwana uku ne. Biyu kafin Bube ya zo, ɗaya na hanya.

Da rana na gangara bakin gulbi. Ruwan ya janye ya bar ɗan siririn zare tsakiyar yashi. Na toshe kunnuwana da yatsa na tsaya. Belbelu na tashi ba motsin fiffike, masu ban ruwa na buɗe baki suna rufewa, wani jaki ya miƙa wuya sama ya daɗe. Kyakkyawa ne, shi ne abin da ya ba ni tsoro. Na cire yatsa da sauri.

Juma'a, 6 ga Afrilu, hantsi

Boko Husainatu ba ta yi ba, amma mun yi allo tare wurin Babanmu, tana haɗa baƙi sannu-sannu. Na share ƙasa gabanta, ina rubuta mata da ajami da tsinke, ita tana amsawa da baki. Muryarta ta canza, tana hawa tana sauka ba inda ya kamata ba.

Ta sani yanzu. Ba ta yi kuka gabana ba. Ta tafi ta ɗora tafin hannu jikin turmi ana daka, ta daɗe tsaye.

Yau ta ce, «Na ga Inna ba ta haɗa ido da ni. Don labarina tah hana a ba ni magani, ko?»

Na rubuta: namu.

Ta karanta, ta sa ƙafa ta shafe. Ta ce, «Ke kin karanta, ni na zuba mai gishiri. Ki ce wa Inna ta zo ta yi mini kitso, kaina ya dame.»

Inna Kulu ta yi kitson tana hawaye bisa gashin. Husainatu ba ta gani ba, bayanta ne.

Litinin, 9 ga Afrilu, la'asar

An ce za a buɗe makaranta bayan kwana goma. Ɗiya goma sha tara na sallama. Malam bai rubuto nawa zan iske ba.

Alhamis, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Gobe zan koma Wurno.

Ɗazu mata sun taru gindin tsamiya da audugarsu, karo na farko tun da abin ya sauka. Akwai wuraren da ba kowa, ba wadda ta matsa ta cike su. An yi ta kaɗi shiru. Sai Husainatu ta fito tana dafa bango, ta zauna bisa turmin da anka kifa, ta ce za ta ba su labarin wata mata da ta tafi aro wuta gidan kada. Ban taɓa jin sa ba. Ina jin kwanakin nan ta haɗa shi, can cikin shirunta.

Kafin ta fara ta jawo ni ta zaunar gabanta. Ta ce, «Ba ni jin kaina. In muryata ta yi yawa ki ɗaga hannu in rage.»

Ta fara. Muryar ta haura katanga, ta kai zaure, har Bube da abokansa sunka bar hirarsu. Jariri ya farka. Wajen da kada ya ce wa matar ta shigo ciki wutar na ƙurya, wata ta tuntsire da dariya, sauran sunka bi, Inna Kulu ta rufe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa. Husainatu ta tsaya tana bin fuskokinsu ɗaya-ɗaya har sunka gama, sannan ta dubo ni tana tambaya da ido.

Muryar ta yi yawa ƙwarai. Hannuwana na bisa cinyata, na bar su nan.